Rariyar Yaya Sallau

Rakiya, tun ranar da kika dawo daga bikin nan na Akokan kika ajiye mini abinci ba ki kalli idona ba, na san an gaya miki. Ba ki tambaye ni ba, na kuwa gode da wannan kunyar, amma shiru ba ya wanke suna. Saboda haka ke da ƙannenki nake rubuta wa wannan. A Arlit akwai tsofaffin da har gobe suke cewa na ba aljanu yayana Sallau, su kuma suka ba ni hannun da ba ya kuskure rami. Hujjarsu ita ce duk lokacin da zan buga ƙwallo ana ganin leɓena na motsi. Wasu daga cikin masu faɗin haka sun ci tuwo a gidanmu, har sun nemi ƙari. Raina yana ɓaci har yanzu idan na tuna, ba zan ɓoye muku ba. To ga yadda abin ya kasance, daga bakin mai shi.

Mu mutanen ƙasar Tawa ne. Aikin lambu ya kawo kakanku Arlit, yana ba furannin nasarawa ruwa a garin da mutum ke auna ruwan alwalarsa. Da ya rasu sai muka rage mu uku: Inna, da Yaya Sallau, da ni. Sallau yana aiki a ramin Akokan, can ƙarƙashin ƙasa inda ake haƙo yuraniyom. Motar kamfani ke ɗaukar sa da safe, ta dawo da shi fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari. Ni kuwa na samu aiki a filin golf na nasarawa, bayan gari, inda suke buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Kada ku tuna filayen da kuke gani a hotunana masu ciyawa shar. Namu ba ko tsinke. Hamada ce zalla, mutum yana yawo da ɗan guntun darduma, in zai buga ya shimfiɗa ya ɗora ƙwallo. Kewayen kowane rami kuma rairayi ne da aka kwaɓa da baƙin mai don kada iska ta kwashe. Aikina shi ne in ja tsohon buhu a kai bayan an wuce, in share sawu. Daga sharar sawun wasu na fara sha'awar in bar nawa.

Lokaci ɗaya ne filin ke zama babu kowa, wato tsakar rana, sa'ad da ko ƙadangare ya nemi inuwa. A nan nake ɗaukar tsohuwar sandar da wani ya yar, in tsaya a ƙarshen fili in yi ta buga ƙwallaye cikin daji, wajen wata aduwa guda da ke tsaye ita kaɗai. Bayanta kuma ga tudun nan mai launin toka inda kamfani ke zubar da ragowar dutsen da aka niƙa. Wanda bai tsaya a bayan Arlit da rana tsaka ba bai san shiru ba. Ba tsuntsu, ba iska, sai ƙarar jininka a kunnenka. Ka buga ƙwallo, ka ga ta tashi fara, ta shige cikin kawalwalniya, ba za ka ji faɗuwarta ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne idan na je tsinta ba na samun ko rabi. Fili fetal, ba rami ba ciyawa, amma ƙwallo ta yi ɓatan dabo.

Inna ce ta fara magana, ran da ta ga na shigo da sanda a kafaɗa.

"Ilu, mi kaka jifa da rana tsaka?"

"Ba jifa ba ne, Inna, wasa ne."

"Kai ka san wasa ne. Su masu wurin wa ya hwaɗa musu? Lokacin da suka hito da ɗiyansu ke nan, kai ko kana aika musu da duwatsu. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Na yi dariya, don a lokacin ina ganin kaina ɗan zamani, har awaki nake gaisarwa da Faransanci, ina ce musu bonjur. Sallau ma ya tare mini, ya ce ta bar ni, ko aljanun ma sun ga abin kallo.

Ana nan wata rana ina cikin bugu, sai na hangi mutum yana tahowa daga wajen aduwar. Na daɗe ina kallonsa yana tafiya kamar ba ya matsowa, sai kawai na gan shi a gabana. Wani tsohon Ba'abzine ne mai kiwon awaki daga wajen Gugaram, ya naɗe fuskarsa da rawani sai idanu. Daga baya na san sunansa Ghali. Ya kwance bakin wata jakar fata ya zazzage a gabana. Ƙwallayena ne, har da waɗanda na manta da su, an goge su tas.

"Naka ne?" in ji shi.

Na ce nawa ne, na tambaye shi ina ya tsinto su.

"Ban tsinta ba. An tara shi ƙarƙashin itace, an jera shi. Ni ɗauka kawai na yi."

"Wa ya jera?"

Ya waiwaya ya dubi aduwar, ya gyara rawaninsa ya ƙara rufe baki.

"Uwarka bai koya maka sallama ba? In za ka jefa, ka yi sallama. Ka ce su kau da yara."

Daga nan ya juya. Ban ga akuya ko ɗaya tare da shi ba a ranar. Na tattara kayana na bar wurin ban waiwaya ba. Washegari da na dawo, kafin in ɗaga sanda sai na ji bakina ya ce, "Salamu alaikum, ku kau da 'ya'yanku." Tun daga ranar ban ƙara rasa ƙwallo ba. Ban ce muku na san dalili ba. Abin da ya faru nake faɗa. Wannan shi ne motsin leɓen da suke kira surkulle.

A shekarar nan hannuna ya buɗe. Wani banasare da muke kira Mai Jan Kunne, saboda yadda rana ke gasa masa kunnuwa, ya leƙo da tsakar rana ya gan ni, ya sa aka bar ni na shiga gasar filin. Na cinye su duka, ni mai jan buhu. Aka kai ni Yamai, inda filinsu ma rairayi ne, nan ma na ɗauko kofi. Da na dawo, direbobin tasha suka ɗaga ni sama, alhali babu wanda ya san abin da na ci a cikinsu. Wani ma yana ta shelar cewa dambe na yi da banasare na kayar da shi. Bayan wannan sai saƙo ya zo cewa ana gayyata ta babbar gasa a Abijan bayan 'yan watanni, wadda duk wanda ya yi fice a cikinta ya zama mai ci da sanda, ba zai sake jan buhun kowa ba. Mai Jan Kunne ya zo har ƙofar gidanmu ya yi mini murna, amma ya ce kada in sa rai. Ya ce can ciyawa ce da aka aske kamar kan jariri, ƙwallo na gudu a kanta, ni kuwa na saba da rairayi mai nauyi, zan riƙa tura ta tana wuce rami. Sallau yana zaune a dakali yana wanke ƙafa, yana ji.

Da baƙon ya tafi, sai ya ce da ni, "Wato matsalar rairayi ce?"

Na ce ita ce.

"To ba a fafe gora ranar tahiya. Na san inda ƙasa mai santsi take."

Ranar hutunsa ya ari kurar jaki ya nufi bayan tudun nan mai toka, inda iska ke tara garin dutse a gindin wayar shinge. Ku sani, a lokacin ba wanda ya ga aibin haka. Mutane na ɗibar duwatsun wurin su cike ramin ƙofar gida, maƙera na sayen tsofaffin ƙarafan rami su ƙera tukwane da ludayi. Ba wanda ya ce mana komai, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Sallau ya juye ƙasar a kusurwar tsakar gidanmu, ya ɗauki tsohuwar rariyar Inna ya durƙusa yana tankaɗewa. Ya kwaɓa da ɗan baƙin mai, ya daɓe da madaɓi, ya binne gwangwanin tumatir a ƙarshe ya zama rami. Na ɗora ƙwallo na ɗan taɓa ta. Ta tafi sumul, ba ƙara, ta faɗa gwangwani, ƙwal. Sallau ya yi tsalle kamar an yi masa bushara da ɗa namiji.

Daga nan abin ya zama masa ibada. Kullum ya sauko daga mota, kafin ya sha ruwa, sai ya durƙusa ya ɗauki rariya, don iska na kawo tsakuwa kuma shi ba ya son ko ƙwaya ɗaya. Ƙurar tana tashi ta rufe masa fuska, yana tankaɗe yana yi mini tsiya, wai in na zama babban mutum kada in ce ban san mai dattin nan ba. Ƙarar rariyar nan, shaf, shaf, shaf, ita ce ƙarar gidanmu a watannin nan. Ina kwana da ita a kunne.

Inna ba ta taɓa taka wurin ba. Ta ce tun da aka shimfiɗa ƙasar nan kajinta suka daina birgima a wannan kusurwar, kyanwar maƙwabta kuma sai ta kewaye ta bi ta kan katanga. Ko tururuwa in ta zo gefen sai ta juya. Na ce warin mai ne. Ta ce to, warin mai ne ya sa kazarta ta kwanta a kan ƙwai har ta gaji bai ƙyanƙyashe ba? Wata rana da azahar, gida ba kowa sai ni da ita, ta kira ni da hannu ba ta yi magana ba. Ƙwallon da na bari a bakin ƙofar ɗaki tana cikin gwangwani, ga siririn layin da ta bi a kan ƙasar, ba sawun ƙafa ko ɗaya. Na ce iska ce. Ta dubi tsumman da ke rataye a igiya, ko motsi ba ya yi.

"Kun ɗebo ƙasar gidan mutane kun kawo mini," in ji ta. "Yanzu ga su sun biyo abinsu."

Tarin Sallau ya fara kamar na kowa. Duk mai shiga rami yana tari, ba a ɗauke shi ciwo ba. Amma nasa ya ƙi tafiya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya je asibiti aka ba shi ƙwayoyi aka ce ya huta. Inna ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta yi sadakar waina. Ya daina zuwa aiki amma bai daina rariya ba. Na ɓoye ta, ya nemo. Na ce ni zan riƙa tankaɗewa, ya ce hannuna na sanda ne, kada in ɓata shi. Da tafiyata ta matso, ya kai ga ba ya iya tashi sai an riƙe shi. Aka fito da tabarmarsa inuwar zaure inda zai riƙa hango wurin.

Ana gobe tafiya Inna ta tsare ni a gabansa.

"Ba inda za ka. Ka kwashe musu ƙasarsu ka mai da inda kunka ɗebo, ka karya sandar ga, ko sa sakam mini ɗa."

Wallahi na yarda. Na tashi na ɗauko shebur. Me zan yi da kofi in babu Sallau? Na kai bakin shebur ƙasa ke nan na ji muryarsa, wadda na daɗe ban ji ta da ƙarfi haka ba.

"Ilu, in ka taɓa ta ban yahe ba."

Ya yi tari mai tsawo, muka jira shi.

"Inna, ni rami na shiga don ku ci. Na shiga, ba ni hita, na sani. Shi ko ga hanya ta buɗe mai a bisa ƙasa, cikin iska. In ya zauna, wata mai zuwa sai ya hau motar da nike hawa. Shi kenan sai ki ba rami ɗiya biyu?"

Inna ta rufe fuska da gyale ta shige ɗaki. Ya miƙo hannu na kama, ba nauyi ko kaɗan.

"Tahi ka buga a hankali. Kamar gida."

Na tafi ina kuka har Agadas, direba yana tsammanin mata aka raba ni da ita.

Ranar da na fara taka ciyawar Abijan sai da na tuɓe takalmi, don na ga ba ta cancanci a taka ta da datti ba. Sauran 'yan wasa suka yi ta dariya. Amma da na ɗora ƙwallo kusa da rami na taɓa ta, sai na ga ta tafi daidai yadda take tafiya a tsakar gidanmu, ba ƙari ba ragi. Ƙasar Sallau da ciyawarsu gudunsu ɗaya. Waɗanda suka yi dariya suka koma tambayar daga wace ƙasa wannan ya fito. A ranar ƙarshe muka iso ramin ƙarshe ni da wani ɗan Gana kunnen doki. Rana ta take tsaka. Ƙwallona ta tsaya nesa da rami, a kan gangara, inda ko a mafarki ba a sa ran shiga da bugu ɗaya. Jama'a suka yi tsit. A cikin tsit ɗin nan na ji shi, dab da ƙafata ta dama: shaf, shaf, shaf. Na ɗaga kai na duba. Ba mai shara, ba mai yankan ciyawa, sai mutane tsaye sun zuba mini ido. Na sunkuya, ƙarar ta ci gaba, tana tafiya a gabana a hankali har bakin rami, sannan ta tsaya. Na yi sallamata, na taɓa ƙwallo, ta bi hanyar da ƙarar ta bi. Ban ga shigarta ba, ihun mutane na ji. Suna rungume ni, ni kuwa na riga na san abin da zan tarar a gida.

A tashar Arlit ba wanda ya ɗaga ni sama a wannan karon. Direbobi suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu suna cewa sai haƙuri. Na shiga gida da kofi a cikin buhu kamar kayan sata. Inna ta ce ran Lahadi Sallau ya cika, da rana tsaka, ranar da na buga ramin ƙarshe. Ta ce ta fita kiran maƙwabci don ta ga numfashinsa ya canja, ta bar shi kwance a zaure, mutumin da ya kwana biyu bai iya ɗaga kai ba. Da suka dawo suka same shi a can kusurwar, a durƙushe, goshinsa a ƙasa, rariya a hannunsa. Ta kai ni ta nuna mini. Ba ta bari kowa ya taka ba. Ga gurbin gwiwoyinsa biyu, ga ƙasar a share sumul tun daga gabansa har bakin gwangwani.

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma taɓa kofin ba har ta koma ga Allah. Amma maƙwabcin da ya ga yadda aka sami Sallau ya ba matarsa labari, kafin sadakar bakwai gari ya ɗauka. Aka haɗa da motsin leɓena, aka haɗa da tsohon Ba'abzinen da ba wanda ya sake gani, aka dafa mini wannan sunan da kika ji a gidan biki. Bayan haka na buga a ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, aka sa hotona a jaridu, na gina gidan da kuka tashi a ciki. Duk nasarar da na yi sai su ce to, ai an biya.

Shekaru da yawa bayan haka, kina goye a lokacin, wasu mutane suka zo gari suna bi gida-gida da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo, mai auna gubar yuraniyom. A titi tana ɗan yin ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. Da suka shiga tsohon gidanmu suka nufi kusurwar nan, sai ta ɓarke da ƙara ba tsayawa kamar gyare. Mai riƙe da ita ya ja da baya, ya tambayi wanda ya taɓa zama a nan. Na ce yayana, a durƙushe, kullum. Suka sa ƙyalle a hanci suka kwashe ƙasar cikin gangunan ƙarfe, har da gwangwanin, har da rariyar da na rataye a bango. Na roƙe su su bar mini rariyar, suka ɗora mata na'urar, na ji da kunnena, na sakar musu.

To kun ji. Masu na'ura sun ce ƙasa ce, ko ramin da ya yi shekaru yana shiga, ko duka biyun. Inna ta rasu tana cewa masu wuri ne. Ni da na ji abin da na ji a Abijan ba zan ƙaryata kowa a cikinsu ba. Abin da na sani shi ne ban ba da Sallau ba, kuma ba wanda ya karɓe shi daga hannuna. Shi ya durƙusa da kansa ya share mini hanya, na ɗauki shebur ya hana ni. Duk wanda ya sake gaya miki wata magana, Rakiya, ki ce ya zo ya same ni, ina nan da raina kuma sandata ba ta ruɓe ba.

Motsin leɓe kuwa har yanzu ina yi, ko da yake yanzu yara kawai nake koya wa wasan. Ban taɓa gaya wa kowa abin da nake faɗa ba sai ku. Farkonsa kun riga kun sani, sallama ce da a kau da yara. Sauran kuma tun daga ramin nan na Abijan na ƙara shi, don har yau in fili ya yi tsit da rana tsaka nakan ji shaf, shaf a gefen ƙafata. Sai in ce, "Yaya, ajiye rariyar. Ƙasar ta yi laushi haka, je ka huta."